RA'AYINMU: Haja a Ƙauye, Talla a Birni

Hutun ƙarshen zango ya gabato, kuma ba da daɗewa ba yawancinmu za su ɗaure kaya su nufi gida. 'Yan'uwanmu ɗalibai da suka fito daga arewacin Jihar Kano, watau daga Ungoggo da Dawakin Tofa da Bici da Bagwai da Tsanyawa da Kunci da Makoɗa da Ɗambatta da Minjibir da Gezawa, sun san akwai wata tambaya da ke jiransu a zaure. Bayan an gaisa, an tambayi karatu da malamai, sai wani baffa ko kawu ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙo, ya ce, "Kai ɗan boko, an ce yanzu ana sa kasuwanci a intanet. To, ga tawa, ka sa ni." A da wasiƙa ake kawo wa ɗan makaranta ya karanta, ko takardar asibiti ya fassara. Yau wannan buƙata ce ta maye gurbinsu. Mun ga ya kamata wannan mujalla ta tsaya ta yi nazarin amsar da ta dace, domin kuwa irin amsar da muke bayarwa a halin yanzu, sau da yawa, ko dai dariya ce ko kuma cuta.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tuna ko wane ne mai tambayar. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a duk faɗin Afirka ta Yamma. Tun a 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana yadda ake noma kowace gona a kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba, ana riƙe ƙarfinta da takin awaki da tumaki, da kuma sharar birni wadda jakuna ke kaiwa ƙauye bayan sun sauke itace. Daga wancan lokaci zuwa yau jama'a sun ninka, gado ya yi ta yanka gonaki ƙanana-ƙanana, har ya zama da wuya a sami gidan da rumbunsa kaɗai ke kai shi wata kakar. Abin da ke cike giɓin shi ne sana'a: tukwanen Dawakin Tofa, saƙar Minjibir, noman rani a bakin madatsun Watari da Tomas, kiwon ragunan Layya, matsar man gyaɗa, injin casar shinkafa, ƙira, ɗinki, gyaran babur. Saboda haka idan baffa ya ce a sa shi a intanet, ba son burga ke damunsa ba. Neman abin da zai sayi hatsi da shi a watan Agusta yake yi.

Ta yaya mai saye yake samun mai haja tun asali? Kakanninmu sun tsara wannan al'amari tsaf. Kowace kasuwa da ranarta, Ɗambatta ran Lahadi, Bici ran Juma'a, kuma kowa ya san abin da kowacce ta shahara da shi. Baƙon da ya zo daga nesa ba ya shiga kasuwa da ka. Yana da maigidan da zai sauka a wurinsa, da dillalin da zai kai shi gaban kaya. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da na goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu a kan waɗannan masu gida, har ana ba da bashin dukiya mai yawa ba tare da takarda ba, sai dai shaidar mutum ɗaya. In muka duba da kyau, tambayoyi uku dillali ke amsa wa baƙo: ina kayan suke, wa ke da su, kuma ana iya amincewa da shi? Ladan waɗannan amsoshi shi ne la'ada.

To, zamani ya zo da wani sabon dillali. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta kuma ratsa ƙauyuka cikin 'yan shekaru. Ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya tilasta wa masu sayar da hatsi da dabbobi, har waɗanda suka daɗe suna ƙin banki, su buɗe asusu su fara karɓar kuɗi ta waya. Yau mai gidan abinci a Abuja da ke neman man gyaɗa mai kyau, ko ɗan kasuwa a Legas da aka ba shi kwangilar riɗi, kafin ya hau mota sai ya fara rubuta abin da yake nema a cikin wayarsa. Injin bincike ne zai amsa masa tambayoyin nan biyu na farko. Kasuwar Dawanau, wadda ake lissafawa a matsayin babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma, tana cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma daga gonakinmu da na maƙwabtanmu ake cika ta da gero da dawa da wake da riɗi da zoborodo. Amma wanda ya nemi waɗannan kaya a intanet zai fi cin karo da kamfanonin fitar da kaya masu ofis a manyan birane. Su za a bugo wa waya, su kuma su bugo wa wani a Dawanau, shi kuma ya bugo wa wani a ƙauye, kowa yana cire rabonsa kafin farashi ya iso ga mai gumi. Ba mu ce sun yi sata ba. Sun rubuta abin da mu ba mu rubuta ba, suka zauna a bakin ƙofar da muka bari a buɗe.

Ya kamata kowane ɗalibi ya fahimci yadda wannan inji yake aiki, domin babu tsafi a cikinsa. Kamfanin Google, wanda aka kafa a Amurka a 1998, yana da na'urori masu bin shafukan intanet dare da rana, suna karanta kalmomin da ke ciki suna adanawa. In mutum ya yi tambaya, sai injin ya ɗauko shafukan da kalmominsu suka dace da tambayar, ya jera su, yana fifita waɗanda wasu shafuka masu mutunci suka ambata, kamar yadda ake fifita mutumin da dattawa suka yi wa shaida. Game da neman shago ko sana'a a wani wuri kuwa, kamfanin da kansa ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa: dacewar sana'ar da abin da aka nema, kusancinta da mai nema, da kuma yadda aka san ta, wanda ya haɗa da abin da masu saye suka faɗa a kanta. Abin lura a nan shi ne, injin ba ya ɗanɗana ƙuliƙuli, ba ya murza ƙwayar riɗi a tafin hannu. Rubutu da hoto kawai yake gani. Haka su ma sababbin manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum, waɗanda suka bazu tun daga ƙarshen 2022, daga abin da aka rubuta suke ɗebo amsarsu. Sana'ar da ba a rubuta ta ba, ko da ta shekara ɗari a gari, a wurinsu babu ita.

A nan ne cutar da muka ambata take shigowa, kuma abin kunya ne a ce daga cikinmu take fitowa. Mun san wani mai injin matsar man gyaɗa a ɗaya daga cikin garuruwan nan, wanda wani saurayi mai 'yar kwamfuta ya zo ya lallashe shi, ya karɓi kuɗin da ya kai na buhunan gyaɗa da dama, ya yi masa shafi. Shafin ya yi kyau a ido: hotuna na yawo, Turanci kamar na kamfanin jirgin sama, ga hoton wata katafariyar masana'anta wadda ba a taɓa ganin irinta a garin ba. Sai dai babu kwatancen wurin, babu awo, babu ranakun aiki, kuma a wayar mai injin shafin ba ya ma buɗewa sai an je bakin titi. Shekara na zagayowa shafin ya ɓace, domin sunansa da wurin ajiyarsa haya ce ta shekara-shekara, ba a kuwa gaya wa mai injin ba. Da aka nemi a farfaɗo da shi, sai aka tarar da sunan saurayin aka yi rajista, shi kuwa ya tafi bautar ƙasa ya canza lamba. Yanzu in ka yi wa dattijon nan zancen intanet sai ya kau da kai, kuma duk wanda ya zauna majalisarsa ya ji labarin. Saurayi ɗaya ya toshe wa gari guda hanya.

Gyaran wannan ɓarna yana farawa ne daga faɗin gaskiya game da wanda ke bukatar me. A ganinmu masu sana'ar ƙauye kashi uku ne. Kashi na farko su ne waɗanda duk masu sayen kayansu a cikin gari suke, kamar mai ƙosai da mai shayi da wanzami. Waɗannan ba su bukatar kome a intanet, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinsu da wannan suna ya ci haram. Kashi na biyu su ne waɗanda matafiya da mutanen garuruwan kusa ke nema: mai faci da bakanike a kan hanyar Katsina ko ta Daura, mai sayar da iri da maganin feshi, mai injin casa, maƙerin da ke ƙera garma, mai hayar tarakta. Kashi na uku su ne masu sayar da kaya da yawa ga mutanen nesa: ƙungiyoyin manoman rani, masu tara riɗi da zoborodo, masu kiwon raguna, masu saƙa da ginin tukwane waɗanda kayansu ke da kasuwa a birane.

Mutumin kashi na biyu ba ya bukatar shafi ko kaɗan. Abin da yake bukata shi ne sunansa ya fito a taswirar waya, kuma wannan kyauta ne. Google yana da rajistar masu sana'a inda ake sa suna, da irin sana'a, da lambar waya, da lokutan aiki, da hotuna, sannan a tabbatar wa kamfanin cewa wurin yana nan da gaske. Matsalar ƙauyukanmu ita ce rashin sunan titi da lambar gida. Maganinta shi ne ɗalibi ya je ya tsaya a ƙofar shagon da ƙafarsa, ya dasa alamar a daidai inda yake tsaye, sannan ya rubuta kwatance irin wanda muke yi da baki: gabas da masallacin Juma'a, daura da tashar mota, bayan makarantar firamare. A ɗauki hoton gaban shagon yadda yake, da allonsa, domin baƙo ya gane shi in ya iso. A rubuta cewa ran kasuwar Ɗambatta maigidan ba ya nan, in haka ne. A sa lambar da ake ɗauka in an kira. Bayan wannan, manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba mutum damar jera kayansa da hotuna da farashi, ya kuma yi ciniki da saƙon murya ko da bai iya rubutun boko ba. Aikin duka bai wuce na yini ɗaya ba.

Kashi na uku ne kaɗai za a iya cewa shafi zai amfane su, shi ma ɗin shafi guda mara nauyi. Dalili kuwa shi ne, kusan kowa da waya zai buɗe shi, kuma Google kansa, tun daga 2023, da sigar waya yake auna shafuka. Ga shi kuma data ta yi tsada, musamman bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Duk hoton da ya yi nauyi kuɗin mai saye yake ci, kuma mai saye ba zai zauna jira ba. Abin da shafin zai ƙunsa shi ne abin da baƙo zai tambayi dillali: sunan ƙungiya ko mai kaya, gari da ƙaramar hukuma, irin kayan, watannin da ake samunsu, da kuma awo. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin mu da kwano da buhu muke magana, mai saye na nesa kuwa da kilo da tan yake lissafi, kuma buhun wani gari ba shi ne na wani ba. A faɗi mafi ƙarancin abin da ake sayarwa, da wanda zai biya kuɗin mota, da lambar rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni in akwai, domin kowa na iya duba wannan lamba ya tabbatar. A rubuta shi da Hausa da kuma Turanci mai sauƙi, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

Sai maganar kalmomi, wadda ta shafi ɗaliban harshe kai tsaye. Tun da injin kalma yake bi, dole a yi tunanin kalmar da mai nema zai rubuta. Ɗauki sunan gari ɗaya: mu muna rubuta Ɗambatta, takardun hukuma sukan rubuta Dambatta, shi kuwa Farfesa Umar Garba Danbatta, wanda ya shugabanci Hukumar Sadarwa ta Ƙasa daga 2015 zuwa 2023, da wani salon yake rubuta sunansa. Haka Bici da Bichi, Kunci da Kunchi. Yawancin masu waya ba sa sa ƙugiya a kan ɗ da ƙ da ɓ, saboda haka mai neman riɗi "ridi" zai rubuta. Ba muna cewa a yi watsi da daidaitacciyar Hausa ba. A rubuta daidai, amma a ambaci ɗaya salon sau ɗaya a cikin shafin, a kuma kawo sunan da mutanen Kudu da na ƙetare suka san kayan da shi. Sunan sana'ar da lambar wayar kuwa su zama iri ɗaya a ko'ina, a allo da taswira da shafi, domin in suka saɓa injin yakan ɗauka wurare biyu ne. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google a 2013, ta shiga Facebook a 2016, kuma a 2024 aka ƙara ta cikin harsunan da ake iya yin bincike da murya. Ƙofa ta buɗe ga wanda bai yi boko ba ya tambaya da bakinsa. Sai dai in ya tambaya, me zai tarar da harshensa game da garinsa, in mu ba mu rubuta ba?

Daɗin daɗawa, dole kome ya kasance mallakar mai sana'a. Da layin wayarsa za a yi rajista, da sunansa za a sayi adireshin shafi, a rubuta masa kalmar sirri a takarda ya adana inda yake adana takardun gona, a kuma gaya masa ranar da haya za ta ƙare da abin da zai biya. Sannan a fahimtar da shi cewa duk waɗannan dandali gidajen aro ne. A watan Maris na 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya daɗe yana ba masu sana'a. Daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter a Nijeriya, masu talla a can suka wayi gari babu rumfa. Ran 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida a duk duniya. Kayan aro ba ya ado. Saboda haka kowane mai sana'a ya ajiye littafi na takarda, mai ɗauke da sunaye da lambobin masu sayen kayansa, domin wannan ne jarin da babu kamfanin da zai iya rufewa.

Mun ce injin yana amsa tambayoyi biyu daga cikin ukun dillali. Ta ukun, watau amana, ba ya iya amsa ta, kuma nan ne masu cewa intanet za ta kashe dillanci suka yi kuskure. Ciniki tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba cinikin biri a sama ne, kuma kowane ɓangare na da abin tsoro. Mai saye na tsoron ya tura kuɗi a kashe waya, ko a aiko masa da buhun da samansa tsaba ƙasansa tsakuwa. Mai kaya na tsoron saƙon banki na jabu, shi ya sa bai kamata a ɗora kaya a mota ba sai an duba asusu an ga kuɗin sun zauna. Talla tana jawo mai saye sau ɗaya ne, ingancin kaya ke dawo da shi. Mu tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma babu shafin da ya isa ya wanke wannan tabo. Don haka muke ganin ƙungiya ta fi mutum ɗaya dacewa da shafi. Ƙungiyar da ke da rajista, da shugabannin da dagaci ya sani, tana iya tsayawa a matsayin maigida, ta duba kaya kafin su tashi, ta hukunta ɗanta in ya yi algus. Dillalin kirki ma yana da gurbi a cikin wannan tsari, domin shi ya san kaya. Abin da za mu guje wa shi ne sayen shaidar ƙarya, da sa abokai su yi ta yabon kayan da ba su taɓa saya ba, da satar hoton gonar wata ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in ya rufta, da sunan garin gaba ɗaya yake ruftawa.

Akwai kuma iyayenmu mata. Tun a 1969 Polly Hill ta ja hankalin masana ga ɓoyayyen cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu a ƙasar Hausa, wanda ya dogara kan yara masu talla. Har gobe mai da ƙuliƙuli da daddawa da taliya da hulunan da ake ɗinkawa a cikin gidajen nan, a kan 'yan mata ƙanana suke fita, kuma tallar nan tana cikin abubuwan da ke hana su zaman aji. Matar da ta sami masu saye biyar a birni waɗanda ke aiko mata da saƙo su karɓi jarka-jarka ta hannun direban da aka sani, ta rage bukatar ɗora wa 'yarta faranti. Wannan aiki ne na 'yan'uwanmu ɗalibai mata, domin su ke iya shiga har ɗaki. Sai dai a yi hattara: kada a dasa alamar gidan aure a taswira, kada a sa hoton kowa ba da izni ba. A yi amfani da sunan ƙungiyar mata, da wurin karɓar kaya a bakin kasuwa ko tasha.

Mun san za a ce mana, manomin da ba shi da taki, ba hanya, ba wutar lantarki, ina ruwansa da injin bincike? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba mu musa ta ba. Shafi ba ya cike ramin hanya, ba ya hana tumatir ruɓewa a kwando, kuma akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Wanda ya noma abin da bai ishe shi ci ba, ba shi da abin tallatawa. Amma taki da hanya da wuta suna hannun hukuma, za mu kuwa ci gaba da neman su da babbar murya. Wannan aikin kuwa yana hannunmu, ba ya jiran kasafin kuɗi, ba ya bukatar kwangila. Rashin samun babba bai zama hujjar barin ƙarami ba.

Ga matasan ma'aikata da ke karanta wannan mujalla, musamman na sassan aikin gona da na ci gaban jama'a a ƙananan hukumomi, kuna da abin da mu ba mu da shi. A cikin fayilolinku akwai sunayen kasuwanni da ranakunsu, da jerin ƙungiyoyin gama kai masu rajista. In kowace ƙaramar hukuma ta wallafa shafi guda mai ɗauke da wannan bayani, da izinin ƙungiyoyin, za ta zama shaidar da injin ke girmamawa, mai saye kuma ya sami inda zai tabbatar. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bici suna tsakiyar wannan yanki, kuma ɗalibansu na fita koyon aiki kowace shekara. Babu abin da zai hana a lissafa wannan a cikin aikin da za su yi. Jihar nan ta taɓa yin irin wannan yunƙuri: a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya, aka shiga ƙauyuka ana koya wa magidanta karatu da rubutu. Abin da muke magana a kai ci gaban wancan aiki ne.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su shirya bita ta yini ɗaya kafin a tafi hutu, ɗaliban kwamfuta da na kasuwanci da na harsuna su haɗu su koya wa sauran. Kowane ɗalibi ya ɗauki alkawarin masu sana'a biyar a garinsu, bisa sharuɗɗa huɗu: ya faɗa wa wanda ba ya bukata cewa ba ya bukata, ya rubuta gaskiya kawai, ya bar kome da sunan mai shi, ya kuma koya wa wani yaro a gidan yadda ake sabunta bayani bayan ya koma makaranta. Wanda ya so ya mai da wannan sana'a, babu laifi ya karɓi ladan aikinsa, muddin an yi ciniki a fili kamar yadda kowa ya san la'adar dillali. In mun dawo hutu, wannan mujalla za ta ba da fili ga duk wanda ya zo da rahoton abin da ya tarar, nasara ce ko akasinta.

Kuɗin da aka biya mana na makaranta, da yawa daga cikinmu, daga buhun gyaɗa da ragon da aka kai kasuwar Ɗambatta suka fito. Saboda haka in baffa ya miƙo wayarsa a wannan hutu, a karɓa da hannu biyu, a gyara zama, a fara da tambayarsa su wa ke sayen kayansa kuma daga ina suke zuwa. Allah ya kai mu gida lafiya.

Edita